Mabuɗin Shago

Ranar da za a kai ni Shika,
ƙafa a karye, baki na salati,
ban kira ɗan ɗakinmu ba,
kai na kira, Tanimu.
Na kunce mabuɗi daga mazagin wandona,
na danƙa maka shi da ɗuminsa.

Ba mu yi rubutu ba.
Wa ke neman shaida tsakanin hannu da baki?
Shekara goma sha ɗaya muna tabarma guda a Kwarbai,
ni na koya maka fitar da bakin aska,
da yadda zare ke kwanciya a shadda bai tattare ba.
Har Inna ta bar cewa "abokinka",
ta koma "ƙanenka".

Wata huɗu ina kallon rufin asibiti.
Ka zo sau biyu da lemo a leda,
ka ce, "Kwantar da hankalinka, komai na nan."

Da na dawo ka miƙo mabuɗin da hannu biyu,
har da rusunawa.

Komai na nan.
Ƙusoshin bango na nan.
Riguna tara na mutane,
har da ta angon Tudun Jukun da ta rage saura wuya,
sun hau mota tun ina kwance.

Na biya.
Keken ɗinki ya tafi, filin Dakace ya bi shi.
Wannan rauni ne mai warkewa, kamar ƙafar.
Amma jiya na aiki ɗana Sabon Gari sayen zare,
ya dawo, na ƙirga canjin a gabansa
sau biyu.
Yaron ya dube ni, ya sunkuyar da kai.
Wannan ma kai ka ɗauke,
kuma ba a shagon yake ba.

Magabata ba su ce an fasa amana ba,
ba su ce an yar da ita ba,
cewa suka yi an ci.
Sun san ciki take shiga,
ta zama jini, ta zama tsoka,
mai ita ya yi ta yawo da ita
har ranar da za a wanke shi.

Ran Juma'a sahu ya haɗa mu,
kafaɗarka a jikin tawa.
Liman ya sallame, na juya dama,
sai ga fuskarka.
Na faɗi abin da aka ce a faɗa.
Har yanzu ban sani ba
ko da kai nake.