Tafin Hannu a Zaure

A Kwarbai, gidan da Kaka Ɗanlami ya bari.
Tanimu magini ya ƙwanƙwasa bango,
ya ce, "Ƙasar nan da sauran ranta,
kada ku rushe."

Sai muka huda taga inda babu,
muka ja famfo ta gefen rijiya,
tayil ya kwanta a ɗakin da aka yanke cibiyata.
Sola ta hau soro, ta rakuɓe tsakanin zankwaye
kamar baƙuwa mai kunya.

Da aka ɓamɓare yaɓen zaure,
ga tafin hannu a tsohuwar laka,
yatsa ɗaya guntu.
Inna ta yi shiru.
Ta san mai shi.

Jiya Zulai ta yi ɗage, ta ɗora nata a kai.
Na ce wa mai fenti
ya tsallake nan.