Cokali Uku

A Mokoyo, bayan mai walda, nan rumfata take.
Soso, katako, yadi, da gam a gwangwani,
gam ɗin nan mai launin zuma
da ke kumbura in ya ji laima
ya riƙe soso riƙon mai bin bashi.

Daren da kuran ya dawo ba sallama
ya ci rumfar yayana Tsahiru,
na ga yadda gam ke yi wa wuta jagora.
Ta bi sawunsa, kusurwa bayan kusurwa.
Kujeru goma sha ɗaya.
Kafin ƴan kwana-kwana su karyo kwanar kasuwa
saura ƙusoshi, da wani wari
da ya yi mako a gemun Tsahiru.

Garin nan Laminu ya taho da shi ta hanyar Ɗan Isa,
buhu ƙarami, fari fat,
sai ka ce kwaɓa shi za a yi a soya.
Ya ce akwai ruwa a ɓoye cikinsa,
ba ya fita sai zafi ya ƙwanƙwasa.
Na yi dariya.
Na murza shi a tafin hannu, busasshe kamar bakin mai azumi.

Cokali ɗaya, wuta ta lashe ta wuce.
Cokali shida, gam ya zama tuwon jiya,
ya saki hannun kujera ranar da aka zauna mata.
Na ɓata gwangwani huɗu da kwalin ashana biyu
a bayan rumfa, ina tsugune,
yara na cewa Malam Ma'azu ya fara bori.
Uku.
A uku ne harshen ya tsaya, ya yi tari,
ya bar baƙin ɓawo ya kwanta.

Hajiya Baraka ta zo taya kujera.
Jikka biyu ƙari, na me?
Na nuna mata yadin, ta shafa.
Na nuna mata ƙafa, ta girgiza.
Abin da ke tsakanin soso da katako
ba shi da fuskar da zan nuna.
Ta tafi wajen maƙwabcina.

Ban ce wuta ba ta ci ba.
Soso soso ne, katako ɗan itace ne.
Cewa na yi za ta ci tana tauna,
ba haɗiya ba.
Minti biyu, ko uku,
gwargwadon a tashi tsohuwa daga barci,
a lalubo sakata,
a koma a ɗauko wanda ke rarrafe.

Da la'asar Tsahiru kan zo ya zauna,
ba ya taɓa komi.
Ina zubawa, yana ƙirgawa da leɓe.
In na kai na uku
sai ya miƙo mani sandar juyawa.