Mutuwar Mai Wushirya ta Sha Takwas

Shekara talatin da huɗu ina buɗe cikin talabijin
a shagona na Tudun Wada, daura da mai walda.
Na san ƙaurin waya in ta ƙone,
na san kukan akwatin da ruwan Agusta ya shiga,
kuma na san fuskarka.

Ba kai ne jarumin ba. Ba a taɓa ba ka ba.
Kai ne mai buɗe wa jarumi ƙofa,
ɗan sandan da ke cewa, "Yallaɓai, ga takardar,"
likitan da ke fitowa yana zare safar hannu
yana girgiza kai.
Sunanka a ƙarshe yake wucewa, da ƙananan baƙaƙe,
lokacin kowa ya miƙe yana laluben takalminsa.
Mu dai Mai Wushirya muka raɗa maka.

Farkon ganina da kai a baƙi-da-fari ne,
akwatin wani malamin jami'a daga Samaru,
hoto na ta gudu sama kamar ana jan guga.
Na murɗa, na murɗa, sai ka tsaya cak:
saurayi siriri, gashi cunkus,
wuyan riga kamar kunnen giwa.
Minti biyu aka harbe ka.
Ɗantani mai shayi ya ce, "Kayya, yaron kirki."
Bayan sati uku sai ga ka kana tuƙa tasi a wani wasan.
Ɗantani ya ajiye kofi ya yi salati.

Daga ranar muka fara ƙirga,
da alli, a bayan ƙyauren shago.
An harbe ka sau tara. Ka faɗo daga bene.
Ka nutse a wani ruwa da ya ninka Kubanni sau dubu.
Ran nan Nepa ta ɗauke wuta kana tsakiyar shure-shure,
muka yi gardama har isha'i, a sa ko kar a sa.
Sha bakwai, ban da waccan.

Hotonka ya yi launi shekarar da aka haifa min Tanimu.
Ka fara sanƙo, na fara.
Ka yi tumbi, ni ban samu ba.
Da aka ba ka alƙali,
ga kujera, ga guduma, ga magana har baki shida,
tsire na sayo a Sabon Gari na raba wa yaran layi
kamar ƙanena aka yi wa ƙarin girma.

Yanzu akwatunan sun koma faranti,
ba a gyara su, jefarwa ake.
Ɗantani yana kwance tun bara waccan.
Shi sau ɗaya ya yi tasa.

Jiya Nusaiba, jikata, ta miƙo min waya:
"Tsoho, ba mutuminka ba ne wannan?"
Kai ne.
Wushiryar tana nan, sauran duk shekaru sun kwashe.
Ta karanta min: tamanin da ɗaya a duniya,
wasa ɗari biyu da 'yan kai,
ka yi wankin kwano kafin nan, ka yi fentin gidajen mutane,
ɗa guda, yana wani gari mai nisa,
ka cika a gidan tsofaffi, ran Talata, da asuba.
Ta faɗi sunanka sau uku.
Harshena ya ƙi ɗauka.

Na ce, akwai wanda ya riƙe masa hannu?
Ta ce ba a rubuta ba.

Da safe na leƙa bayan ƙyaure.
Allin ya dushe, sai ka karkata kai kake gani.
Na nemi alli na rasa. Ƙusa na ɗauka,
na ɗora ta a kan katako,
na fasa.

Akwai wani tsohon akwati da mai shi bai dawo ba
tun zamanin soja.
Na hure masa ƙasa, na haɗa waya, na kunna.
Ba ya nuna komai sai yayyafi.
Na jawo benci na zauna.

Sati uku ne dai. Ka saba.