Sawu a Ƙofar Bogumila

Bogumila ta tafi Krakow
cin Kirsimeti wurin jikoki.
Ta bar min mabuɗi da kyanwa.

Daren jiya dusar ƙanƙara ta rufe Gdansk.
Da asuba na leƙa:
bakin ƙofarta fari fat, ko tsuntsu bai taka ba.
Ɓarawo ba ya jiran wasiƙa,
wannan farin ya ishe shi karatu.

Sai na zura takalmin marigayi mijinta,
na je, na dawo, na sake zuwa.
Na riƙo na jikata a hannu,
na ɗosana ƙananan sawu.
Har na zana na kare da bakin sanda,
ko da yake bai yi kama ba.

Zdzislaw mai gyaran agogo
yana kallona ta taga.
Bara shi aka yi wa ƙarƙaf,
har kifin biki da ke iyo a baho.
Bai ce uffan ba.
Ya fito da shebur, ya share mata rabin hanya,
rabi kawai,
kamar mai gidan da shayinsa ke hucewa.

Da magariba na kunna mata rediyo.
Kyanwa ta hau taga.
Gidan da ba kowa
yau ya fi nawa cika.