Maɓallin da Na Cire

A shagon cajin Sirajo, bayan kasuwar Jega,
inda janareto ke tari tun hantsi,
nan na zana shafin farko
a bayan takardar lissafin albasa.

Da can ba mu bukatar komai.
Benci ɗaya, mu biyar,
katin memori na yawo hannu zuwa hannu
har rubutun jikinsa ya goge.
Yanzu Zayyanu na Yauri yana ƙirga kwandunan kifi,
Marwana ya bi motar shinkafa zuwa Kamba,
Luba na jinya a Gusau,
bencin kuwa, mai shayi ya faskara shi.

Na ce zan sassaƙa mana wani a cikin waya.

Na jera taurari biyar. Zayyanu ya ce in goge:
"Fim ba buhun gero ba na, balle a aza mai sikeli."
Na goge.
Na bar gurbi biyu kacal:
wa kake ba,
kuma me ya tuna maka da shi.
In ka tsallake na biyun, saƙo ba ya tashi.

Sati uku ina neman inda na yi tuntuɓe,
duk hoton da aka tura sai ya isa a kife.
Waƙafi ɗaya ne, ashe. Ɗaya.

Sai ɗan shuɗin maɓallin nan
mai shaida cewa an buɗe, an gani.
Shi na fi ji da shi.
Luba ta kira ni daga aikin dare:
"In na ba ka littafi ka tura ƙarƙashin filo,
sai waya ta kawo mani tsegumi?
Bar ni da kyakkyawan zatona.
Ran da ka karanta, ka zo da bakinka."
Ina zaune har aka kira assalatu.
Na cire shi.

Inna Kulu mai zanen ƙorai ta leƙo ta kafaɗata:
"Mu da ba mu yi boko ba, idonmu bai san kyau ba ke nan?"
Kunya ta sa na ƙara wurin murya.

Ranar gwaji, data saura ƙiris.
Marwana ya ce wayarsa ta cika, sai ya goge wani abu.
Har yau bai goge ba.
Saƙon farko da ya shigo
ba fim ba ne, ba waƙa ba:
muryar Inna ce, akuya na kuka a bayanta.
"Akwai wata 'yar Maiyama mai kawo faifai,
kusa da masu gishiri take zama.
Je ka ga yadda ta aurar da ja ga kore.
Kai ta tuna mani,
sadda kake ɓata mani bango da gawayi."

Babu hoto. Babu abin latsawa.
Na rufe kwamfutar,
na lalubo takalmina a ƙarƙashin tebur.