Huji Shida

Fam huɗu na saye ta
a shagon gwanjo, bayan tashar bas ta Grimsby.
Tana kwance tsakanin cokula da agogon da ya daina tafiya.
Sarewar kwano ce, siririya, bakinta kore,
da shatin haƙoran wanda ya riga ni.

Ranar Talata da almuru
mu shida ne a ɗakin baya na laburare:
Bronwen mai yankan tikiti, wasu tagwaye da ba sa zama,
direban motar asibiti, wata tsohuwa mai tari,
sai ni, da ƙarnin kifin kamfani
wanda sabulu uku suka kasa.
Malaminmu Desmond Garvey.
Shekara arba'in ya yi yana ɗinkin taru a bakin ruwa,
igiya ta cinye masa rabin ɗan yatsa,
da guntun yake toshe huji na uku.

Ya raba mana takarda, karin waƙa biyar,
kowanne ya fi ɗan'uwansa sanyin jiki.
Ɗaya na jirgin da bai dawo ba.
Ɗaya na gidan da ciyawa ta cinye.
Na ce, Malam, babu na biki ne?
Ya ce, akwai, sai ka shekara biyu.
Murna gudu take, yatsun ɗan koyo ba sa cim mata.
Baƙin ciki kuwa a ƙafa yake tafe,
yana tsayawa ya jira ka.

Sautin ƙasa shi ne mai wuya.
Sai ka toshe duka shidan,
ko kafar allura ka bari, ta tona maka asiri.
In ka busa da ƙarfi ta yi tsuwa kamar ƙofar da ba mai.
Garvey ya ce, a hankali, Jatau, ba balan-balan ba ce.
Na rasa yadda zan yi da numfashina.
Mako uku tagwaye suna mini dariya.

A watan nan ne waya ta zo daga Funtuwa
ina tsakiyar fere kifi.
Kafin in cire safar hannu
an riga an kai Inna Kulu makwancinta.
Na ce Allah ya jiƙanta, na koma kan layi.
Akwai kwali tamanin da ke jira.
Ban yi kuka ba. Na neme shi, ban same shi ba,
kamar mabuɗin da ka san yana cikin ɗakin.

Daren Lahadi, ruwa yana dukan taga,
na zauna bakin gado da rigar sanyi biyu.
Sai na tuna ranar da ƙaiƙayi ya faɗa mini ido,
ta riƙe haɓata, ta buɗe fatar da babban yatsa,
ta hura.
Iskar ba ta kai ta kashe ashana ba.

Haka na busa.
Sautin ya fito, ƙasa-ƙasa, da ɗumi,
ya tsaya a ɗakin kamar baƙon da bai cire takalmi ba.
Na bi karin jirgin nan daga farko,
na yi tuntuɓe a layi na biyu, na sake.
Ban san teku ba sai da na girma,
ban san mutanen da aka yi wa karin ba,
amma ya ɗauke ni aro, bai tambayi garinmu ba.

Maƙwabcina ya buga bango sau biyu.
Na ajiye ta. Ƙarfe ɗaya saura.
Ruwa na ɗiga daga ƙarshen sarewar,
Garvey ya ce tururin numfashi ne kawai,
a karkaɗe, a goge a wando.
Na karkaɗe.
Na fuskata kuma na bar shi ya bushe da kansa.