Alƙalamin Turmin Inna

Da na bar aikin safiyo,
na rataye tef, na naɗe taswira,
sai na share tsohon ɗakin kaji
can ƙuryar gida a Rafindadi,
na girke ɗan injin juya itace
da na saya hannun wani mai tashi.

Barira ta leƙo, ta ce, "Malam,
biro fa naira ɗari ne a titi."
Na ce na sani.
Ta ja mayafi, ta bar ni da ƙurata.

Rabe kafinta ke tara mini guntaye:
maɗaci ja kamar tsagin goro,
marke mai hasken gero,
kanya mai baƙar zuciya.
Abin da zai hura wa almuru wuta
shi nake jerawa a tebur kamar gwal.

Shekara talatin ina awon gonakin mutane,
ban ji tsoron kuskure ba
irin na kaurin gashi guda a nan.
Yanka in ya kauce,
gam ba ya rufa masa asiri.

Ja, fari, baƙi, siririyar tagulla,
ja, fari, sai hannuna ya tsaya.
Turmin Inna na jingine a zaure,
ƙirya ce, gindin ya tsage
tun daminar da katanga ta faɗi.
Na yi bisimilla, na ɗora zarto.
Sai ga ƙamshin daddawa da barkono
ya taso daga cikin itace,
shekara tara bayan ta saki taɓarya.

Na shafa gam, na matse, na ba shi kwana.
Na farko ya dare wajen huda.
Na biyu ina cikin fiƙe shi
wuta ta ɗauke, ta dawo a fusace,
guntu ya yi tsalle ya same ni a goshi.
Barira ta kawo man zafi,
ba ta ce uffan ba,
shirun ya fi goshin ciwo.

Na uku na bi shi da lallashi.
Inji na kuka, cizal na lasa,
kusurwa huɗu na narkewa,
gari na zuba a kan silifas.
Layin da na manna a miƙe
ya lanƙwasa, ya zagayo ya kama wutsiyarsa.
Ban zana haka ba.
Yana ciki tun farko, ban gani ba.

Samfefa mai kaushi, samfefa mai laushi,
kakin zuma a tsumman tsohuwar hula,
har fitila ta ga fuskarta a jikinsa.

Ran Alhamis Yahuza ya zo daga Mashi
da takardar rabon gidanmu na Ƙofar Guga.
Shekara uku gaisuwarmu
ba ta wuce "lafiya lau" ba,
a kan taku huɗu na fili
wanda ni da kaina na auna.

Ya laluba aljihu, babu biro.
Na miƙa masa.
Ya juya shi a tafin hannu,
babban yatsa ya tsaya kan baƙin zobe
mai ɗan tabo kamar tsagar fuska.
Ya ce, "Wannan fa?"
Na ce, "Turmin Inna."

Ladan ya kira la'asar, bai motsa ba.
Akuyar maƙwabta ta shigo, ta fita.
Sannan ya sa hannu, a hankali,
kamar mai tsoron farkar da wani.

Ya soke alƙalamin a aljihun gaba,
bai tambaya ba, ban hana ba.
A bakin zaure ya waiwayo,
ya ce, "Asabe ma za ta so."

Mu bakwai Inna ta bari.
Na auna abin da ya rage na turmin
da tsohon tef ɗina na aiki:
zai kai, in hannu bai yi rawa ba.
Barira ta kawo shayi ɗakin kaji,
ta ture guntaye, ta zauna,
ta ce, "Miƙo gam ɗin, in riƙe maka."